Masaƙan Ƙwaƙwalwa

Ranar Talata katin gayyatar ya zo, amma sai da Asabar ta kewayo kafin Bahaguwa ta iya nuna wa ƙawarta Rediyo. Kwana huɗu tana ɗaukarsa tana ajiyewa. Ta sa shi ƙarƙashin matashi, ta ciro, ta tura cikin akwati, ta sake cirowa. Ba rubutun ne ya dame ta ba. Cewa kawai aka yi kamfanin kwamfutar da ta yi wa aiki shekara goma sha tara zai rufe tsohuwar masana'antarsa, ya ware wani babban ɗaki don ajiye kayan tarihi, yana gayyatar tsofaffin ma'aikata ranar buɗewa, kowa ya zo da mutum ɗaya. Abin da ya tsaya mata a rai wani ɗan hoto ne a bayan katin. Wani firam ne mai kusurwa huɗu, cike da wayoyi kamar raga, da ɗigon jan fenti a jikinsa, da 'yar takarda ɗaure a gefe. Ta ɗauko gilashin ƙara girma da take duba ƙwayoyin maganinta da shi, ta kara. Lamba talatin da bakwai. Lambar Rediyo ce.

Jikokinta dariya suke yi in ta ce da allura ta saƙa wa kwamfuta ƙwaƙwalwa. Su a ganinsu kaka ta fara ruɗewa. To, wanda bai gani ba ai dole ya yi gardama. A zamaninsu kwamfuta ba abar sakawa a aljihu ba ce, ɗaki guda take cinyewa, kuma duk abin da za ta tuna, a cikin wasu 'yan zobba take riƙe shi, baƙaƙe, kowanne bai kai ƙwayar riɗi ba. Zobe dubu huɗu da casa'in da shida a firam ɗaya, layi sittin da huɗu. Kowane zobe sai an ratsa shi da wayar jan ƙarfe uku, siririya kamar gashi: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ɗaya a karkace. Injin da zai iya wannan aiki ba a ƙera shi ba tukuna, maza kuma an gwada su, hannuwansu sun yi kauri, haƙurinsu ya yi gajarta. Sai aka ɗauki mata. Injiniyoyi suna da wani dogon suna da suke kiran firam ɗin da shi, matan kuwa tabarma suke ce masa.

Ɗakin saƙa yana bene na biyu, tagoginsa manya, mata arba'in a jere cikin fararen riguna, kowacce da fitilarta da madubinta na ƙara girma mai dogon wuya. Ba a shafa mai a hannu, ba a tauna komai, ba a magana. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ba ta taɓa hawa kan Rediyo ba, don ba a banza aka sa mata sunan ba. Kanta a sunkuye, allura na tafiya, baki na zuba. Ta ba da labarin surukarta, ta kwaikwayi tafiyar Agogo, wato shugaban ɗakin, mutumin da ba ya kallon fuskar kowa sai tsintsiyar hannunsa. Bahaguwa tana gefenta na dama, sai ta ciji leɓe don kada dariya ta sa ta tsallake zobe. Shekara tara suka yi kafaɗa da kafaɗa, kofin shayinsu ɗaya, in ɗaya ta yi atishawa ɗayar ce ke kama mura.

Kowace tabarma lamba ɗaya take ɗauka, ta wadda ta saƙa ta. Doka ce mai tsanani: wadda aka kama ta sa hannu a tabarmar wata, su biyun za a sallama. Amma matan suna da tasu dokar da ba a rubuta ba, suna kiranta ɗaukar layi. In wata ta kwana da ɗa mara lafiya, ko idonta ya fara ganin abu biyu-biyu, maƙwabciyarta kan jira hutun rana, Agogo ya sauka ƙasa, ta zame kan kujerarta ta saƙa mata layi biyar ko shida. Babu wadda ba a yi wa ba, babu wadda ba ta yi ba.

Shekarar da Rediyo take da cikin 'yarta ta uku, wata na bakwai ya zo mata da kumburin ƙafa da jiri. Agogo ya riga ya ja mata kunne sau biyu kan jinkiri. Bahaguwa ta ɗaukar mata layi kwana uku a jere, har layi ashirin na ƙarshe gaba ɗaya ita ta yi su, cikin sauri, kunne a bakin ƙofa, da wata sabuwar allura da ta ji tun farko bakinta yana da kaushi. Tabarmar ta wuce gwaji lafiya lau. Bayan wata takwas sai ga labari: wata kwamfuta da aka sayar wa wata babbar ma'aikata ta koma mantuwa, da zarar ta ɗauki zafi sai lissafi ya rikice, aiki ya tsaya cik kwana biyu. Aka bi diddigi har zuwa zobe ɗaya, inda allura ta ƙuje rufin waya. Aka duba takardar gefe. Aka kira lamba talatin da bakwai ofis.

Minti goma Rediyo ta yi a ciki. Ta fito, ta cire farar rigarta, ta ninke ta da kyau, ta ɗora kan kujera. Ta dubi matan ta ce, "To, yau dai kun huta da surutu." Ta fita. Bahaguwa tana zaune, allura a hannu, bakinta kamar an ɗinke. Lokacin shekararta biyu da rasuwar miji, 'ya'ya huɗu na jiranta a gida. Ba a nuna wa matan ɗakin saƙa tabarmar ba, don haka ba ta san a wane layi aka sami aibin ba, cikin arba'in da huɗun Rediyo ne ko cikin ashirin ɗinta. Ba ta tambaya ba a ranar, ba ta tambaya ba washegari, kuma tambayar da ta kwana ɗaya sai ta yi nauyin da ba ta ɗaguwa. Yau shekara arba'in da ɗaya ke nan. Zumunci bai yanke ba, duk Asabar suna tare. Rediyo ta koma ɗinkin kayan yara a keke har idonta ya yi yana, ta ba da labarin duniya da abin da ke cikinta, amma ba ta taɓa buɗe wannan babin ba. Bahaguwa kuwa tana son ƙawarta, tana kuma jin kunyarta, kunya irin wadda ke hana mutum ɗaga ido in an yi masa alheri.

Rediyo ta kara katin dab da hancinta, ta juya shi, ba ta ga komai ba sai dishi-dishi, ta ce a karanta mata. Da aka gama ta yi tsaki.

"Ni ai ba a gayyatar korarru."

"An ce kowa ya zo da mutum ɗaya."

"Au, ni ce jakar hannunki ke nan? To ba laifi. Zan je in ga ko Agogo na nan da rai, in tambaye shi ƙarfe nawa."

"Ya rasu, ƙawata. Shekara shida."

"Allah ya jiƙansa. Na tabbata bai makara ba."

Bahaguwa ba ta ambaci hoton ba.

Ranar buɗewa suka iso da hantsi, Rediyo da sandarta, hannunta ɗaya saƙale a na Bahaguwa. Get ɗin dai shi ne, sai dai an sake fenti. Bishiyar da suke fakewa ƙarƙashinta in ana ruwa an sare ta, an yi wurin ajiye motoci. Tsofaffi ne cike da harabar, masu sanƙo da masu furfura, ana ta kallon juna ana lalube a fuska. Wata tsohuwa mai kujerar guragu ta ji muryar Rediyo daga nesa ta ƙwala, "Wallahi wannan tashar na san ta!" Aka rungume juna, aka yi kuka, aka ƙirga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Cikin mata arba'in na ɗakin saƙa, bakwai ne suka zo.

Mai kula da ɗakin tarihin wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, mai fara'a, da tarin makullai a wuya. Ita ta zagaya da su. Ta fara da injin lissafi mai hannun juyawa, wanda kamfanin ya fara ƙerawa tun kafin a haifi kowa a wurin. Daga nan sai ƙatuwar kwamfutar farko, akwatunan ƙarfe takwas masu tsayin ƙofa, da faya-fayan tef masu juyi a bayan gilashi, da injin huda kati. Bahaguwa ta tsaya ta shaƙi ƙamshin, na ƙarfe da mai da tsohuwar roba, sai ga ta 'yar shekara ashirin da biyu, ranar farko, takalmi na matse ta. Mai kula ta ce wayar da ke jakar kowannensu ta fi wannan dodon ƙarfi sau dubbai.

"Amma ita ba ta faɗa wa kowa cikin bokitin wanki ba," in ji Rediyo.

Aka wuce masu girman firji, aka wuce na farko da aka ɗora kan tebur, mai allo kore da maɓallai masu ƙara. A cikin wani ɗan akwati aka ajiye baƙin abin nan mai ƙafafu, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, wanda ya zo ya ɗauke aikin tabarma ɗari shi kaɗai. Shi ya rufe ɗakin saƙa. Bahaguwa ta tuna ranar da aka kwashe madubai aka loda a mota, aka mai da ita sashen naɗe kaya a kwali har ta yi ritaya. Ta harari abin kamar yana ganinta.

Tabarmar tana can ƙurya, ita kaɗai cikin akwatin gilashi, fitila na haska ta. Mai kula ta ce cikin dubban da aka saƙa a ginin nan, wannan kaɗai ta rage. Sauran sun tafi da injinansu, an narkar da su tuntuni. Ita wannan ta tsira ne don an ajiye ta a ofishin horaswa, ana nuna wa sababbin ma'aikata illar ganganci. Ta karanta rubutun da ke ƙasa: aikin hannun ma'aikaciya mai lamba talatin da bakwai, an dawo da ita saboda aibi a zobe ɗaya.

Jama'a suka yi gaba wajen shayi da jawabai. Bahaguwa ba ta motsa ba, Rediyo kuma dole ta tsaya tunda hannunta na cikin nata.

"'Yata," in ji Bahaguwa, "ko za ki buɗe mini gilashin nan? Ba zan taɓa ba. Dubawa kawai zan yi."

Mai kula ta ce, "Mama, ba a buɗewa fa."

"A ginin nan na yi shekara goma sha biyar ina saƙa irinta. Minti biyar nake roƙo."

Matar ta dubi hannuwan tsohuwar, ta dubi ƙofa, sannan ta lalubo makulli. Har da jawo ɗaya daga tsofaffin madubai masu dogon wuya da aka jera don ado, ta goge shi da gefen mayafinta, ta kunna fitilarsa. Ya kama.

Bahaguwa ta zauna. Bayanta ya san yadda zai lanƙwasa tun kafin ta umarce shi. Zobban suka taso mata ƙarƙashin madubi, a jere, kowanne a karkace kamar yadda aka bar shi, wayoyin na ƙyalli ba tsatsa ko ɗaya. Kyan aikin ya fara kama ta kafin tsoro. Ta fara ƙirga layi daga sama da ido, leɓunanta na motsi. Goma. Ashirin. Arba'in. Arba'in da huɗu ya wuce, jan ɗigon da aka yi wa wurin aibin alama da shi bai zo ba. A layi na hamsin da ɗaya ta same shi.

Duk da haka zuciya ta nemi mafaka. Shekara arba'in da ɗaya ba kwana arba'in ba ne, wataƙila layi goma ta ɗauka ba ashirin ba. Sai ta bi wayar da ido har bakin firam. A ƙarshen kowane layi akan naɗe waya sau uku a jikin wata 'yar ƙusa kafin a ɗiga dalma. Mai hannun dama ta dama take naɗewa. A duk ɗakin saƙa mace ɗaya ce take naɗewa ta hagu. Injiniyoyi da Agogo ba su taɓa lura da wannan ba, su takarda suke karantawa, amma kowace masaƙiya kallo ɗaya za ta yi ta gane hannu. Naɗin layi na hamsin da ɗaya ta hagu ya tafi, tsaf, sau uku.

Ta ɗago. Idonta ya cika.

"Ƙawata."

"Ina jin ki."

"Layina ne. Hannuna ne. Ni na ƙuje wayar nan, ke aka kora."

Rediyo ta gyara tsayuwa a kan sandarta. "Na hamsin da ɗaya ko? Wajen zobe na tara daga dama."

Bahaguwa ta saki baki.

"Ke kina tsammani me na yi minti goma a ofis, shan iska? Agogo ya ɗora mini ita a gaba, ya ba ni madubi, ya ce in kalli abin kunyata da kyau. Na kalla. Tun kafin in sunkuya na ga naɗinki, bauɗaɗɗen naɗin nan naki kamar na mai ɗaure akuya."

"Kika yi shiru?"

"To me zan ce? In ce ba ni ba ce, ƙawata ce da ta hana kanta abincin rana kwana uku don kada a kore ni? Sai a haɗa mu biyu a watso waje. Ni mijina yana aiki. Ke marayu huɗu. Wannan ai ba ya buƙatar kwamfuta."

"Shekara arba'in da ɗaya, Rediyo. Ke da ba kya iya riƙe magana daga nan zuwa bakin ƙofa."

"Ai shi ya sa nake zuba sauran, don wannan ta sami wurin zama." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a rabi. "Kada ki ɗauka bai yi mini ciwo ba. Ya yi. Ina son aikin nan kamar raina. Na yi shekara biyu ba na bin titin nan, sai in zagaya ta bayan kasuwa. Akwai Asabar ɗin da kika zo da sabuwar rigar aiki a jaka, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito. Har haushinki na ji, na wata uku ko huɗu. Ba don wayar ba. Don kin ƙi tambayata."

"Tsoro nake ji."

"Na sani. Ni ma tsoron nake, kada ki tambaya in rasa ƙaryar da zan yi miki."

Bahaguwa ta rufe fuska da tafin hannu ta yi kuka sosai, kukan da ya yi shekaru yana jiran izini. Mai kula ta juya musu baya tana gyara wani abin da bai buƙaci gyara ba. Da tsohuwar ta sami kanta, sai ta share ido ta kira ta.

"'Yata, rubutun nan akwai kuskure. A cire talatin da bakwai. A sa talatin da takwas, ita ce tawa. A rubuta cewa ni na yi aibin, wannan baiwar Allah ba ta da laifi. In ana so in sa hannu, zan sa."

Mai kula ta ciro biro da ɗan littafi. Sandar Rediyo ta sauka a kan tayil, ƙwas.

"Kul! Kada ki rubuta komai."

"Ƙawata, gaskiya ce fa."

"Gaskiyarki ta sha ruwa. Ba ki ji abin da yarinyar nan ta ce ba? Duk tabarmin da aka saƙa a gidan nan an narkar, naki da na kowa. Ɗaya ta rage a duniya, kuma lambata ce a jiki. Layi arba'in da huɗu na sama nawa ne, da ciki wata bakwai na yi su, ki duba ki gaya mini ko akwai aibi ko ɗaya."

Bahaguwa ta sake sunkuyawa, ta bi su a hankali. "Babu."

"To. Ni na sha korar, ni na sha zagin, an yi shekaru ana nuna ni ga sababbi ana cewa kada ku zama kamar wannan. Yanzu da aka sa ta a gilashi aka kunna mata fitila, shi ne za ki zo ki ce taki ce? Ba ki isa ba. Ke kin samu katin gayyata. Ni wannan ce tawa."

Mai kula ta mai da biron aljihu a hankali. Ta ce, "Mama, in kin yarda, zan so in ƙara sunanki a ƙarƙashin lambar."

 Rediyo ta miƙa hannu tana lalube har ta sami gefen firam ɗin, mai kula kuwa ba ta hana ta ba. Ta shafa layukan sama da kan yatsa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Ki rubuta da manyan baƙaƙe," ta ce daga ƙarshe. "Idona ba ya gani sosai."